Tsohon Raleigh Yana Ƙara Wajen Feda

Tambaya: Malam, na gaji keken Raleigh na mahaifina. Idan na taka feda sai ya riƙa ƙwas-ƙwas, sandar tana girgiza. Me zan yi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Galibi boris ne ya cinye saboda giris ya bushe. Kwance gindin fedar, ka wanke da kananzir, ka zuba sabbin boris masu kwatar inci, 11 kowane gefe, da giris mai kauri. Kada ka ɗaure ƙam, bar shi yana juyawa sumul. Amma a kula: zaren murfin gindin feda (wato tsagin da ake murɗa murfin a kai) na Raleigh na Ingila 26 ne a kowane inci, na kasuwa yawanci 24. Wanda ya tilasta sabon murfi ya kashe zaren, don haka riƙe tsohon murfinka.