Tambaya da Amsa: Wannan "-ía" ta Sifaniyanci ina ta dosa?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, ni direba ne a Jidda, ina ɗaukar wasu injiniyoyi 'yan Sifen masu aikin jirgin ƙasan Haramain, na ɗan fara tsintar yarensu a waya amma wallahi wannan -ía da suke sawa a ƙarshen kalma ta rikita ni, hablaría, compraría, don Allah a warware min.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ka samu malamai kyauta, tunda jirgin nan da aka buɗe a 2018 kamfanin Talgo na ƙasarsu ne ya ƙera shi. Abin da kake ji suna ce masa condicional, shi ne "da" ɗinmu na "da ina da kuɗi da na sayi mota", kuma duk nahawunsu ban ga mai sauƙinsa ba. Ba ka yanke komai, ka ɗauko aikatau yadda yake a ƙamus ka liƙa masa wutsiya kawai: hablar yin magana, sai ya koma hablaría ni, hablarías kai, hablaría shi ko ita, hablaríamos mu, hablaríais ku, hablarían su, kuma wutsiyar ɗaya ce ko da -ar ya ƙare ko -er ko -ir, comer comería, vivir viviría. Ka danna murya a kan í ɗin nan, ita ce mai nauyin. Na "ni" da na "shi" iri ɗaya ne, in ka ga za a ruɗe sai ka sa yo, wato ni, a gaba.

Inda za ta fi yi maka amfani kuwa wajen ladabi ne. La'asar ta same ku a hanya kana son tsayawa, maimakon ka ce espere, wato jira, kamar kana ba ogan umarni, ka ce ¿esperaría cinco minutos?, wato ko za ka ɗan jira minti biyar. Haka me gustaría, zan so, ta fi quiero, ina so, taushi nesa ba kusa ba.

Amma kada ka sa -ía bayan si ta sharaɗi, wato "idan" ɗinsu, nan kowa ke zamewa. Si tuviera dinero, compraría un coche, wato da ina da kuɗi da na sayi mota, ake cewa, ba si tendría ba. Tener ɗin ma, wato mallaka, wanda tuviera ta fito daga gare shi, cikin 'yan taurin kai yake, tendría yake zama, kamar hacer haría, poder podría, decir diría, waɗannan sai dai hadda, amma wutsiyarsu ba ta canzawa.