Zan tare a gidan haya, ejan ya ce AC ba ta kan mita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Don Allah ina neman shawara, ƙarshen watan nan zan tashi daga Tudun Wada in koma wani gidan haya a Unguwar Dosa amma hankalina bai kwanta ba kan maganar wuta. Gidan da mita ta kati, sai dai wani maƙwabci ya ce min wanda ya tashi ya bar bashi. Shi kuma ejan cewa ya yi kar in damu, wai AC da hitar banɗaki ba sa kan mita, katin dubu biyu ma sai ya kai ni wata. Sannan ina da tawa mitar da na biya aka sa min a tsohon gida, zan iya cirowa in taho da ita? Kuma ta yaya zan san ko layin Band A ne, don albashina ba zai ɗauka ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a tare lafiya. Gara da ka tambaya tun ba ka kwashe kaya ba.

Kafin ka cika kuɗin haya karɓi lambar mitar ka sayi katin dubu ɗaya ko biyu da kanka. Rasit ɗin zai nuna maka sunan da ke kan mitar da ajin farashin da aka sa gidan, kuma in akwai bashi za ka ga yunit ɗin da aka ba ka bai kai na kuɗinka ba saboda an zaftare wani abu. Band, wato wannan ajin farashin, ba zaɓi ba ne, layin da ke ba unguwarku wuta ne ke yanke hukunci. A na nufin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta kai Band A naira 225 kan kowane yunit, aka sauke shi zuwa 206.80 a watan Mayu, ya koma 209.50 a watan Yuli, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai, wato da wannan farashin dubu goma yunit 44 za ta ba ka, farashin ya fi ninki uku na abin da sauran ke biya. Ka tambayi masu shago da mai wanki da guga na layin awa nawa suke ganin wuta, sun fi ejan gaskiya.

Bashin wanda ya tashi ba naka ba ne, ƙa'idar NERC ta ce wanda ya sha wutar shi ake bi. Amma kwamfutar kamfani ba ta san an yi sabon ɗan haya ba sai ka gaya mata, don haka ranar da ka karɓi makulli ɗauki hoton mitar da yunit ɗin da ke ciki, ka rubuta takarda zuwa ofishin Kaduna Electric mafi kusa da kai, ka haɗa da kwafin yarjejeniyar haya mai kwanan wata, a buga maka hatimi a naka kwafin. In sun yi shiru ya wuce kwanakin aiki 15 sai ka kai ƙara ofishin sauraron koke na NERC da ke nan Kaduna. Eh akwai zirga-zirga da je-ka-ka-dawo, na sani, amma takarda mai hatimi ita kaɗai ke magana a wurin nan. Mitarka ta Tudun Wada kuma kar ka sa kowa ya ciro ta, an yi mata rajista ne da wancan adireshin da wancan layin, kamfani kaɗai ke da hurumin taɓa ta, in kana son a duba maganar mayar da ita ko yunit ɗin da ya rage to shi ma a rubuce.

Toh yanzu maganar ejan, wadda ita ce ta sa na zaɓi tambayarka cikin waɗanda aka turo. Abin da ya kwatanta maka sunansa baifas, wato an ja waya daga layin da ya shigo gida kafin ya kai mita an kai ta kai tsaye kan kayan da ke jan wuta da yawa. Kuma wallahi abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka mayar da shi abin tallata gida, kamar a ce maka da rijiya da tayil. Kullum sai na haɗu da mutum mai iliminsa yana murna wai ya dace, mitarsa ba ta ci.

Wayar baifas ba ta bi ta akwatin fyus ko breka na gidan, wanda ya yi ta a ɓoye ya yi, cikin silin ko bayan filasta, yawanci da dare kuma da sauri, ya murɗa waya da waya ya naɗe da salatif ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Hitar ruwa mai wat 3000 tana jan kusan amfiya 13, ga AC a kan waya ɗaya, sau da yawa ma siririyar wayar fitila aka yi amfani da ita. Mahaɗar da ba a ɗaure da kyau ba zafi take yi a hankali, robar ta narke, kuma babu abin da zai katse wutar in ta haɗu, tunda an zagaye mai katsewar. Silin ɗinmu kuwa katako ne busasshe, a lokacin hunturu da kowa ke kunna hita ka san sauran zancen. Washegari sai a ce Nepa ce ta kawo wuta da ƙarfi, wani ma ya ce aljanu ne, babu mai cewa a duba abin da ke cikin silin.

Akwai kuma wanda mutane ba sa tunani, shi ne ka kashe babban makunnin gida ka ɗauka ko'ina ya mutu, ka kira mai gyara ya zo ya sa hannu a hitar banɗaki, ƙasa a jiƙe, alhali waccan wayar tana nan da ranta. Mu masu aikin nan wannan ne ya fi ba mu tsoro, shi ya sa ko mai gida ya rantse ya kashe sai na sa testa.

Ta fuskar kuɗi ma ba riba. Ranar da masu duba mita suka zo, wanda suka tarar a gidan shi za su riƙe, tsohon ɗan haya ya yi gaba, ejan ya ci ladansa ya daina ɗaga waya. Umarnin da NERC ta sabunta a watan Janairun 2025 ya sa tarar naira dubu 100 a karon farko ga mita mai layi ɗaya, dubu 200 ga mai layi uku, bayan an yanke maka wuta, kuma ban da kuɗin wutar da za a ƙiyasta an sha a baya. Ka ga bashin da na ce ba naka ba ne kana da takardar kare kanka, amma baifas da aka tarar kana amfani da shi wata uku da wane baki za ka ce ba ka sani ba? Sannan kar ka saurari masu yawo da tsani suna cewa a ba su na goro su rufe magana, yau ka ba wannan gobe abokinsa zai zo, shi wanda ya yi wayar ma wani lokaci shi ke kai rahoto. Masu cewa ai kamfani ma yana cutar mu da bil ɗin ƙiyasi, gaskiya ne mutane sun sha wuya, har sai da NERC ta sa iyaka kan bil ɗin marasa mita a 2020, amma ni dai ban ga yadda wannan ya halatta wa mutum ya yi wankan sallar asuba da ruwan da aka dafa da wutar da bai biya ba. Kuma nauyin da ke ƙona transfomar unguwa a zo ana bin gida-gida karo-karo, har da irin wannan a ciki.

Abin yi kafin ka kai katifa gidan, samu mai wayarin da ka yarda da shi, ba wanda ejan ya kawo ba. Lokacin da akwai wuta ku kashe babban makunni ku bi kowane soket da AC da hita da injin bohol da testa, duk wanda ya nuna wuta ba ya kan hanya. Sai ku kunna, ku jona dutsen guga ku kalli ɗan jan fitilar mitar, ya kamata ƙiftawarta ta ƙaru, haka in an kunna AC. In kun samu baifas ɗauki hoto da bidiyo, ka sanar da mai gida a rubuce ko da ta WhatsApp ne, ka nemi shi ya kai maganar kamfani a cire a gyara da kuɗinsa kafin ka tare. In ya fara cewa haba ai kowa ma haka yake yi, karɓi kuɗinka ka nemi wani gidan tun ba ka sa hannu ba.

Kar ka manta ka nemi ɗan akwatin nan mai madannai da ake loda kati da shi, musamman in mitar a kan falwaya take, don masu tashi na yawan tafiya da shi cikin kaya. Kuma ka loda katin gwajin nan a gabanka ka ga ya shiga, domin mitar da ba a sabunta ta ba kafin wa'adin 24 ga Nuwamban 2024 tana iya ƙin karɓar sabon kati, in ta ƙi kuwa ofis za ka je su ba ka lambobin sabuntawa, kar ka biya kowa a titi.