Dogayen benaye a tsohuwar unguwa: yadda Auckland ta yi

Malam, ka tambaya ko za a iya gina benaye masu ɗaukar iyalai da yawa a tsohuwar unguwa ba tare da an takura wa mazaunanta ba. Ana iyawa, birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan ya gwada.

A 2016 suka fito da tsarin da ya ba da damar ƙara gidaje a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama. Amma ba sakaka suka bar abin ba. Dogayen benaye sai kusa da kasuwanni da tashoshin jirgin ƙasa. Kana yin nisa tsayin na raguwa, hawa uku, sannan biyu.

Ni dai ƙa'idar iyaka ce ta fi burge ni. A unguwannin hawa biyu, daga iyakar maƙwabcinka za a auna mita 2.5 sama, a ja layi a karkace, digiri 45, zuwa cikin filinka. Gininka ba zai ƙetare layin nan ba, don kada ka tare masa rana.

Magudanar ruwa kuwa sai an sa ido sosai. Ambaliyar Janairun 2023 ta sa hukumar birnin ta koma duba gini a wuraren da ruwa ke kwanciya.