Tambaya da Amsa: Nawa Fijo 504 Ta Gado Za Ta Yi a Gwanjo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana Fijo 504 haɗin Kaduna, wadda ta kai shekara ashirin a ajiye a garejin gidanmu. Na ji labarin cewa ana sayar da tsofaffin motoci da miliyoyin daloli a gwanjon ƙasashen Turai, shi ya sa nake son in gyara ta kafin a raba gado. Bakanikena ya ba ni shawarar a cire injinta a sa na Toyota, a kuma sake mata fenti. Shin hakan zai ɗaga darajarta? Daga wani mai karatu a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Malam, labarin da ka ji gaskiya ne, sai dai motocin da ake magana a kansu ba irin taka ba ne. A watan Mayun 2022, kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da wata Marsandi 300 SLR Uhlenhaut Coupé ƙirar 1955 a birnin Stuttgart na Jamus a kan Yuro miliyan 135, kuma dalilin wannan farashi shi ne guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa. Haka ita ma Ferrari 250 GTO ƙirar 1962, wadda ta tashi a kan dala miliyan 48.4 a Amurka a 2018, guda 36 aka yi irinta. Ita kuwa Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, an ƙera fiye da miliyan uku, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana haɗa ta bayan Turawa sun daina. Abin da ya yi yawa haka ba ya tsada don tsufa kawai. A cikin dangin 504 ma, masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, su ne masu tara motoci suka fi nema, ba mai ƙofa huɗu da muka saba gani a tasha ba.

Shawarar bakanikenka za ta yi daidai in da hawa kake son yi kullum, amma ga mai neman daraja ɓarna ce. Abu na farko da mai saye yake dubawa shi ne lambar inji da lambar casis, ya ga ko sun dace da abin da ke cikin takardu, domin motar da take da injinta na asali ta fi wadda aka yi wa dashe kuɗi nesa ba kusa ba. Fenti ma haka ne. A 2015 an yi gwanjon wata Ferrari a birnin Paris, wadda aka tarar a rumfa an jibga mata tsofaffin mujallu, aka sayar da ita fiye da Yuro miliyan 16 ba tare da an gyara ta ba, saboda masu tayi sun fi son su ga mota yadda masana'anta ta fitar da ita. Da zarar fanal bita ya cika jikinta da kwaɓi ya fesa launin da ba nata ba, an rufe shaidar da mai saye yake nema, kuma zai fara zargin cewa an ɓoye tsatsa ko raunin haɗari.

A nan Kano kana da sa'a ɗaya, domin bushewar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar damshin Legas, ko da yake rana tana fasa robobi da fatar kujeru. Saboda haka ka wanke ta, ka sa a duba ƙarƙashinta, kada kuma a yi gaggawar tayar da inji kafin a zubar da tsohon mai da baƙin mai. In ana buƙatar kayan gyara, a nemi na Fijo a Ƙofar Ruwa, a kuma adana duk abin da aka cire. Ka tattara rasidin saye da takardun rajista da tsofaffin hotunan mahaifinku da motar, domin tarihi na ƙara wa mota daraja. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi a Legas, kuma ba don ƙarfenta ake zuwa kallonta ba.

Game da lissafi kuwa, ka sani cewa farashin da ake yaɗawa bayan gwanjo ya haɗa da la'adar da mai saye yake biyan kamfanin, wadda a manyan gidajen gwanjo takan kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye, kuma shi ma mai sayarwa yakan biya tasa, ban da kuɗin jirgin ruwa da inshora. In tayi bai kai mafi ƙarancin farashin da ka gindaya ba, albarka ke nan, mota ta dawo maka da ɗawainiyarta. Ga mota irin taka, kuɗin cikakken gyara sau da yawa yakan zarce abin da za ta sayu, don haka a ganina ka fi samun mai saye a cikin gida, daga mutanen da suka taso da Fijo suke kuma kewarta.

Tunda dukiyar magada ce, kada ka kashe ko sisi sai da yardarsu a rubuce, kuma a kira dillalai biyu ko uku su yi mata kuɗi a yadda take yanzu, domin a san abin da za a cire maka in ka gyara kafin a raba sauran.