Shin waya za ta iya maye gurbin tef da sikeli?

Tambaya: Malam, ina son sayen sabon teburi amma ba ni da tef ɗin awo da zan auna gurbin da zan ajiye shi. An ce mini waya tana auna tsawon abu da kyamararta. Zan iya dogara da abin da ta nuna?

Amsa: Tana aunawa, sai dai ƙiyasi take yi. Kamfanin Apple ya sa manhajar Measure a wayoyin iPhone tun 2018, lokacin da ya fitar da iOS 12. Google ma ya taɓa yin tasa, amma ya dakatar da ita a 2021, don haka masu Android sai su nemi wata a Play Store. Kyamara ita kaɗai ba ta san nisan abin da take kallo ba. Abin da manhajar ke yi shi ne ta lura da yadda abubuwa ke gusawa a cikin hoton yayin da hannunka ke motsi, ta haɗa wannan da bayanan ƙananan na'urorin da ke jin motsin wayar, sannan ta lissafa nisan. Shi ya sa take buƙatar ka ɗan jujjuya wayar kafin ka fara. Idan ɗakin da duhu, ko bangon fari ne fes babu wata alama a jikinsa, ko kuma akwai gilashi da madubi, to ba ta da abin da za ta kama, kuma lissafinta zai kauce. Wayoyin da ke da LiDAR, wato na'urar auna nisa da haske, wanda ya fara shiga iPhone da samfurin 12 Pro a 2020, sun fi sauran, domin suna harba haske su auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, har zuwa nisan kusan mita 5.

Kafin ka yarda da ita, ka gwada ta a kan abin da aka riga aka san girmansa. Takardar A4 tsawonta santimita 29.7 ne, faɗinta 21, shi kuwa katin banki tsawonsa milimita 85.6 ne a ko'ina. Ka auna gurbin sau uku. Idan teburin zai bar sarari mai yawa, awon waya ya wadatar. Idan kuwa cif-cif zai shiga tsakanin bango biyu, ka ari tef, domin kuskuren santimita biyu ya isa ya hana shi shiga.

Tambaya: Malam, na sauke wata manhaja da ta ce in ɗora abu a kan allon wayata za ta faɗa mini nauyinsa. Na ɗora zobena sau uku, kowane lokaci da lamba daban. Wayata ce ta lalace?

Amsa: Wayarki lafiyarta ƙalau, 'yar'uwa, manhajar ce ke yaudara. Allon yawancin wayoyi ba ya jin nauyi ko kaɗan, sauyin lantarki kawai yake ganowa a wurin da yatsa ya taɓa, kuma babu manhajar da za ta ƙirƙiri na'urar da ba a saka a cikin wayar ba. An taɓa samun allo mai jin ƙarfin danni, wato 3D Touch da ya zo da iPhone 6s a 2015, har wasu suka riƙa gwada auna ƙananan abubuwa da shi, amma Apple ya daina saka shi a sababbin wayoyinsa tun 2019. Shawarata ki goge wannan manhaja, musamman idan tana neman izinin shiga lambobinki ko hotunanki, don awon nauyi ba shi da alaƙa da su.

Idan ƙiyasi kike so ba tare da sikeli ba, ki ɗora rula a kan fensir a daidai tsakiyarta, ki sa ƙananan murafai biyu iri ɗaya a nisa ɗaya daga tsakiyar, zoben a cikin guda, sannan ki riƙa ɗiga ruwa da sirinji a cikin ɗayan har rular ta daidaita. Mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, saboda haka yawan ruwan da kika zuba shi ne kusan nauyin zoben. Ina zaton ainihin damuwarki ita ce sanin ko zoben zinariya ne. Nauyi kaɗai ba zai faɗa ba, sai an raba shi da girman abin, wanda ake samu daga yawan ruwan da ya ture idan aka nutsar da shi. Zinariya tsantsa tana ba da giram 19.3 a kowace mililita, jan ƙarfe kusan 9, baƙin ƙarfe kusan 7.9. To amma zobe ƙarami ne ƙwarai, ruwan da zai ture bai kai a karanta shi daidai a gida ba, ga shi yawancin zobba gauraye ne da wasu ƙarafa, don haka wannan aikin maƙerin zinariya ne da ƙaramin sikelinsa na lantarki.

Tambaya: Wayata tana nuna digiri 38 a wata manhajar auna zafi. Zafin ɗakina ke nan?

Amsa: Mai yiwuwa zafin batirinka ne, domin shi yawancin wayoyi ke aunawa don kare kansu, kuma yana ƙaruwa idan ana caji ko kallon bidiyo. Wasu manhajojin kuma daga intanet suke ɗauko yanayin garin su nuna maka. Kaɗan ne wayoyin da aka saka wa ma'aunin zafi na musamman, kamar Galaxy S4 ta 2013 mai auna zafin iska, da Pixel 8 Pro ta 2023 mai auna zafin abin da aka kusanta ta da shi. Idan taka ba ta da ma'aunin da aka yi don auna zafin jiki, kada ka auna zazzaɓin kowa da ita.