Tambayoyinku: Kwamfutoci 12 sun ƙi tashi daga uwar garke

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina wuni ina gajiya. Ni malami ne a wata ƴar cibiyar koyon kwamfuta nan unguwar Zariya cikin Maraɗi. Mun sayo tsofaffin kwamfutoci 12 daga Kano, yawancinsu babu faifan ajiya a ciki, sai wani ya ba ni shawara in sa LTSP, manhajar da ke tada kwamfutoci ta rezo, a kan wata babba daban mai tsarin Ubuntu, wato uwar garke, su kuma su riƙa tashi daga gare ta ta wayar rezo. A gida na sa manhajar da intanet ɗin salulata, na kawo ta lekwal na jona da ruta, amma tara suna rubuta lambar kuskure PXE-E53, biyu PXE-E61, ɗaya kuma tana nuno jerin zaɓi sau ɗaya sau ɗaya sai ta sandare. Sau uku ke nan ina goge komai ina sakewa. Yara sun biya kuɗi, na rasa ta cewa.

Amsa: Wa alaikumus salam Mushe, sannu da ƙoƙari. Don Allah ka aje wannan goge-gogen haka nan, ko sau goma ka sake abu guda za ka gani, don ciwon ba a jikin Ubuntu yake ba, kuma ka ma faɗi inda yake da bakinka ba ka lura ba: a gida ka sa manhajar.

Bari ka ji yadda abin ke tafiya. Kwamfutar da ba ta da faifai in ta tashi kamar baƙo ne da ya sauka tasha da dare, abu biyu take nema, lambar adireshi da kuma sunan fayil ɗin da za ta tashi da shi. Rutarku ita ke raba adireshi, aikin da ake kira DHCP ke nan, amma ba ta san komai game da fayil ba. Uwar garken ce ya kamata ta sa baki ta ce ga fayil nan wurina, kuma wata ƴar manhaja mai suna dnsmasq ke yi mata wannan magana. PXE-E53 ma'anarta an ba ta adireshi, ba wanda ya faɗa mata sunan fayil. To lokacin da ka buga ltsp dnsmasq a gida, lambobin rezon salularka ta gani ta rubuta, ka kawo ta lekwal inda lambobin suka bambanta, ita kuma tana nan tana kasa kunne a unguwar da ba kowa.

Gyaran bai kai shan shayi guda ba. Ka jona uwar garken da waya, ba wifi ba, ka kashe wifin ma gaba ɗaya, ka ba ta adireshi tsayayye wanda ba ya canzawa, sannan ka sake buga sudo ltsp dnsmasq nan cikin ajin. In kana so ka gani da idonka buɗe /etc/dnsmasq.d/ltsp-dnsmasq.conf ka duba layin da ke da kalmar proxy, lambar da ke wurin ta yi daidai da ta rutarku, misali in ruta 192.168.1.1 ce sai ka ga 192.168.1.0. Daga nan ka bi sauran a jere tunda ban san wanda ka tsallake ba: ltsp image /, ltsp ipxe, ltsp nfs, ltsp initrd. Na farkon yana ɗaukar lokaci, kar ka ce ta mutu.

Abin da ni nake yi kullum, in buga journalctl -f -u dnsmasq a uwar garke in bar tagar a buɗe, sai in sa yaro ya kunna kwamfuta guda ya danna F12 ya zaɓi tashi ta rezo. In ka ga layuka na gudu da lambar katin rezon waccan kwamfuta to sun ji juna. In shiru, ko kuma lambar ta koma PXE-E32 wato an faɗa mata sunan fayil amma ta kasa ɗauko shi, sai ka leƙa katangar tsaro da sudo ufw status. Ƙofofin da ake buƙata su ne 67 da 69 da 4011 a UDP, da 2049 ta NFS inda kwamfutocin ke ɗauko tsarinsu, da 22 ta SSH inda fayilolin ɗalibai ke bi.

Biyun nan masu PXE-E61 kam waya ce. Ba wani ilimi a ciki, duba ƴar fitilar da ke bakin ramin da wayar rezo ke shiga, in ba ta kama ba canza waya, ka hure ramin don ƙurar hunturun Maraɗi ba ta barin komai, ni na taɓa zaro gidan zanzaro sukutum daga irin ramin nan.

Ta ƙarshen ce ta fi ba ni tunani. Da mamaki ma a ce ta kai jerin zaɓi alhali sauran ba su kai ba, sai dai in wani gwaji ka yi da ita a gida. Ko ma dai yaya ne, sandarewa bayan jerin zaɓi yawanci ɗayan biyu ne: ko dai injin cikinta mai 32 bit ne kai kuma kwafin tsarin da ka haɗa da ltsp image na 64 ne, ko kuma ram, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ta yi kaɗan. Tsofaffin Pentium 4 da yawa 32 ne, Ubuntu kuwa ta bar wannan layi tuni, Debian 12, wani tsarin irin Ubuntu, ita ce ke da shi har yanzu. Kuma ga abin da mai ba ka shawara wataƙila bai faɗa ba. LTSP ta fara tun 1999, a da uwar garke ke yin duk aikin ƴaƴan nuni kawai suke, amma tun da aka sake rubuta ta a 2019 kowace kwamfuta da injinta da ram ɗinta take aiki, faifai kawai take aro. Mai 512 MB wahala za ta ba ka, a ganina ka nema wa kowacce 2 GB ko sama.

Sai maganar kuran. In aka ɗauke wuta aka dawo ka ga wasu sun manta da tashi ta rezo kuma agogonsu ya koma shekarun baya, batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, masu gyaran agogo a babbar kasuwa suna da shi. Ka kuma saba kunna ruta da uwar garke tukuna, ka ba su kamar minti biyu kafin yara su taɓa nasu. Wayar da ta fito daga uwar garke zuwa akwatin raba layi ta zama mai saurin gigabit, in ba haka ba mutum 12 suka kunna tare ƙarfe takwas na safe za ka sha zama.

In ka yi wannan wata ta sake ƙi, ɗauko hoton allon da salula ka turo mini, lambar da ke bayan PXE-E ɗin nan nake son gani.