Kar ka wanke kwabban nan, ka ji dalili

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka da hotunan da ka turo. Ka ce wani ya kawo gwangwanin tsofaffin kwabbai shago bayan na fita, a ciki akwai kobo mai huji da bakinsa ya gutsire da wani sule da ya lotse, mai kayan yana rantsuwa wai kuskure ne daga gidan buga kuɗi don haka miliyoyi ne, kana tambaya ko ka saya, sannan ko ka jiƙa su a ruwan tsamiya ka goge da toka su yi ƙyalli kafin in dawo.

Toh ta biyun zan fara amsawa don ita ce mai gaggawa, kar ka taɓa su. Ba tsamiya, ba lemon tsami, ba toka, ba Brasso, soson ƙarfe kuwa ko kusa kar ya zo. Na san hannunka ƙaiƙayi yake, mu maƙeran fari haka aka horar da mu, abu ya zo baƙi ya fita yana walƙiya, awarwaro ko zobe in bai yi ƙyalli ba mai shi ba zai biya ba. Amma sulalla ba haka ba ne, mai tara tsofaffin kuɗi fuskar da injin ya bari yake saye, da wannan duhun da shekaru suka ɗora a kai a hankali. Lokacin da hatimi ya danne ƙarfe da ƙarfin gaske saman ƙarfen yana malalowa daga tsakiya zuwa baki ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani, su ne suke sa sabon sule in ka juya shi a rana haske ya riƙa zagayawa, toka kuma yashi ce mai laushi, goga ɗaya ta share su, kuma ba maƙerin da zai iya mayar da su. Wanda ya san abin, da ya ɗora gilashi zai ga zanen goga, nan take ya karya farashin ko ya ajiye ya tafi.

Maganar kuskure kuma, sai ka san yadda ake buga kuɗin kafin ka gane abin da injin zai iya yi da wanda ba zai iya ba. Ana murza ƙarfe ya zama falle mai tsawo, a yanko ƙwayoyi zagayayyu daga jikinsa, a ɗan tayar da bakin kowace, sannan a sa ta cikin wata ƙawanya a danne da hatimi biyu sama da ƙasa lokaci guda. Duk kuskuren gaskiya daga ɗayan matakan nan yake fitowa. In ƙwayar ba ta zauna daidai cikin ƙawanya ba sai zanen ya karkace gefe guda, ɗaya gefen ya fito sumul ba rubutu. In ba ta fita ba hatimi ya sake sauka a kanta sai ka ga zane biyu ɗaya kan ɗaya. In hatimin ne ya tsage, tsagar a jikin kuɗin tudu take fitowa ba rami ba, wannan ka riƙe shi da kyau, layin da ya taso daga hatimi ne, layin da ya nutse kuwa wani ne ya karce da ƙusa ko wuƙa.

Kobon naka mai gutsure ga yadda zaka gwada shi. In wurin yanko ƙwaya ne injin ya ci gefen ramin da ya riga ya yanka, gutsuren zai zo a lanƙwashe, rubutun da ke kusa da shi zai yi kamar yana dusashewa yana gangarawa ciki, kuma in ka duba bakin da ke daura da shi ta ɗaya ɓangaren yawanci zaka tarar bai tashi sosai ba, saboda injin tayar da baki bai samu abin tokara ba. In kuwa yankan ya zo tsaf ya datse harafi biyu kamar da almakashi kuma ga sawun magagari, toh aikin ɗan'uwanmu maƙeri ne. Kaga kwabbai masu hujin nan sun sha wahala a ƙasar nan, an yi washa da su wurin buga kwano, an like musu kunne an rataya, yara sun ɗora su kan layin dogo jirgi ya bi ta kai, nan Kaduna garin reluwe ai ba sai an faɗa maka ba. Sulen da ya lotse ɗin nan daga hoton ma ni guduma nake gani, ya faɗaɗa ya wuce girman 'yan'uwansa kuma kan sarkin ya baje, in da injin ne ya buga shi ba ƙawanya da zanen ya fito da kaifinsa. Ɗora shi a sikelin zinare, sulen zamanin Turawa giram 5.6 ne da ɗan ɗoriya, fataka kuma 11.3.

Abin da ya fi dacewa ka ɓata lokaci a kai shi ne karanta shekara da sunan sarki, don a nan ne kuskure mai daraja yake ɓuya kuma mai gwangwani bai san da shi ba, shi idonsa na kan wanda ya lanƙwashe. An fara buga anini da kobo masu huji a 1907, da tauraro mai tsini shida a baya da rubutun larabci a gaba, na farkon har da sunan Najeriya a jiki, daga 1912 aka bar sunan Afirka ta Yamma kaɗai saboda mu da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi ɗaya muke kashewa. Aninin 1907 na alminiyam ne, bai jure laimar ƙasarmu ba yana cinyewa, a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, shi ya sa samun na alminiyam mai lafiyar jiki ba ƙaramin abu ba ne. Sai ka duba kusa da hujin da gilashin gyaran agogo, in ka ga H kamfanin Heaton ne na Birmingham, in KN ne King's Norton, in ba komai yawanci gidan buga kuɗin sarauta ne na Landan.

Akwai na Sarki Edward na takwas, wanda ya hau a 1936 ya sauka a Disambar shekarar, a Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba amma mu an buga mana anini da ɗari, wato rabin kobo, da kobo, zaka ga an rubuta EDWARDVS VIII. Mutane na jin labarin sai su ɗauka sun tsinci dami a kala, alhali an buga su da yawan gaske, yana da kyau a ajiye amma ba zai saya maka babur ba. Inda abin yake shi ne kobon da ke ɗauke da sunan Edward ɗin amma shekararsa 1945, wato a Heaton wani ya ɗauko tsohon hatimin gaba ya haɗa da sabon na baya, shekara tara bayan mutumin ya bar gado. Haka kuma akwai na 1956 mai sunan George na shida alhali ya rasu tun 1952 'yarsa Elizabeth ke mulki. Irin wannan guduma da magagari ba za su ƙirƙiro shi ba, shi ya sa yake da kuɗi, kuma shi ya sa masu algus ke yanka kobo biyu su like rabi da rabi, don haka in ka gani duba gefensa ko akwai layin haɗi, ka kuma ɗora shi kan yatsa ka ɗan taɓa shi da wani ka ji ƙararsa, wanda aka like ba ya amo.

Taro, sisi, sule da fataka na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, a 1920 aka fara komawa tagulla, waɗannan ka ware su daban kuma dan Allah kar su shiga kasko, da yawa sun tafi a zoben amare. Liyari kuma, babban nan mai kan Maria Theresa sarauniyar Ostiriya da matan Fulani ke ado da shi, kar 1780 ɗin da ke jiki ta ruɗe ka, shekarar rasuwarta ce aka ci gaba da bugawa da ita har zamaninmu, giram 28 ne, yawancinsu kuɗin azurfarsu kawai suke ci. Mayen ƙarfe zai kama na 1991 irin naira ɗaya mai Herbert Macaulay don ƙarfe ne aka yi wa rufi, amma rashin kamawa ba ya nufin azurfa, tagulla ma ba ta kamuwa.

Na 1959 da Babban Banki ya fara fitarwa da na 1973 da aka koma naira da kobo, mai rijiyar mai, mai koko, mai kwakwar manja, mai dalar gyaɗa, suna nan birjik a gidaje, sai wanda bai taɓa yawo a hannu ba ne ake nema. Zancen wai anini yana jan shinkafa ko yana ɗauke da jan makuri 'yan damfara ne, in mai kayan ya fara wannan waƙar ka miƙa masa gwangwaninsa.

Ajiya kuma, gwangwanin nan shi ne abokin gaba na farko, suna gogar juna ga tsatsa. Ka riƙe kowanne ta gefe da yatsa biyu, gumin hannu gishiri ne, sawun yatsa a kan jan ƙarfe in ya kwana biyu ya zauna kenan. Kowanne da 'yar ambulan ɗinsa ta takarda, ka rubuta shekara da harafi da inda aka samo, ka guji ledar nan mai laushi mai wari irin ta jakar katin shaida, in ta sha zafi tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, robar ɗaure kuɗi kuma baƙanta azurfa take yi. Damina a Kaduna ka san yadda bango ke jiƙa a watan Agusta, sai ka sa su a akwati mai rufuwa ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kar ka ajiye a ƙasa, kuma nesa da inda muke aikin asid. Da hunturu in ƙura ta hau kar ka share da gefen riga, ƙurar ce za ta karce shi. Wanda laka ta kama iyakarsa ka jiƙa a tataccen ruwa irin wanda masu cajin batir ke ƙarawa, ruwan zalla fa ba asid ɗin ba, ka ɗora kan tsumma mai laushi ya bushe ba goga. Wanda ka ga kore mai gari-gari yana tasowa a jikinsa ka raba shi da saura don ciwo ne mai ci, ka bar min shi.

Shi mai kayan kar ka yi masa ciniki kan miliyoyi, kar kuma ka raina masa. Farashin da yake nuna maka a waya abin da mai sayarwa ya roƙa ne, ka ce ya nuna maka wanda aka saya aka biya. Ka ce ya dawo ranar Asabar bayan la'asar ina nan, kafin nan in ya yarda ya bar kayan ku ƙirga tare a gabansa ku rubuta, ka shimfiɗa tawul a kan tebur ka jera su shekara-shekara, duk kobon 1945 da 1956 ka ɗauko min hotonsa gaba da baya a hasken rana, ba da fitilar waya ba.